Jingar da anka fasa ta gabas

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaiki, Inna, da rahamar Allah da albarkarsa. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima inda kike kwance. Ni ce Saratu, autarki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ne don maganar ta ƙi zama a cikina, kuma duk wanda zan faɗa wa cikin masu rai yana da nasa ɓangare a cikinta. Masu bin shafina za su karanta, shi ya sa ba zan kama sunan gari ba. Zan ce Tunga, inda kinka haife mu, in ce Gari, inda kinka kai ni aure. Ke kin san su.

Inna, Kawu Sale ya rasu. Ƙanenki ɗaya da ya rage, wanda kike ajiye wa ƙanzon tuwo ko da ya yi furfura. Ruwa ya ci shi a ƙarshen damina, a bayan ɗakinsa, da rana tsaka. Hannun da ya buɗe wa ruwan hanya kuwa, hannun surukinki ne, Baban Nana.

Bari in ba ki labarin yadda na gan shi, sannan in ba ki yadda na ji shi, don ba ɗaya ba ne.

Kin tuna jingar ƙasa da ke ƙasan Gari, wadda take tare ruwa kada ya kwashe shinkafar fadama. Bana ruwan sama ya yi yawa. Dam ɗin Goronyo ya cika, anka yi ta sanarwa a rediyo cewa za a rage ruwa, kowa ya ji. Gulbi ya taso ya haɗu da ruwan sama, jinga ta tare shi, ya rasa mafita, sai ya juyo da baya ya nufo gidajenmu. Ranar Juma'a ce. Maza sun hau babura sun tafi masallaci Wurno tun da hantsi, don a lokacin ruwan bai wuce bakin garka ba. Kafin azahar ya shigo tsakar gidana. Na ga turmina yana yawo kamar ƙwarya. Katangar maƙwabtanmu ta zube, ga mai jego a ciki, ga tsofaffi da ba su iya tafiya. Na goya ƙaramin ɗana, na ɗora Nana a kan randa, ina jin ɗakuna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ta wajen masallacin unguwa.

Baban Nana bai je Juma'a ba, yana fama da zazzaɓi. Shi da wasu maza kaɗan sunka rage. Sunka ce in ba a fasa jinga ba, Gari ba ya kai la'asar. Wurin fasawa biyu ne. In an fasa ta yamma, ruwa ya faɗa fadamar shinkafa, inda gonarsa take, da ta mai gari, da ta yawancin mutanen Gari. In an fasa ta gabas, ruwa ya bi tsohuwar ƙorama, wadda ta ratsa ta bayan Tunga. Ya kira mai gari a waya. Ya kira wana, Yaya Umaru, don ya faɗa wa mutanen Tunga, wayar a kashe. Ya tura Ɗan'ige, mai kabu-kabun nan na unguwarmu, ya ce ya je ya ce su tashi. Sannan ya ɗauki diga ya fasa ta gabas.

Ruwa ya janye daga tsakar gidana ina kallo. Na yi hamdala, Inna. Ban san inda ya nufa ba.

A Tunga mata da yara sun ga ruwan yana zuwa, sunka ruga tudu. Kawu ya fito tare da su, yana jan ƙafar nan tasa mai ciwo. Ya kusa kai tudu sai ya ji shanun huɗa biyu suna kuka a turke bayan ɗakinsa. Iya Hajo, matarsa, ta riƙe masa riga, ya fizge ya koma. Ya kwance ɗaya. Washegari anka same shi a cikin ciyawar bakin ƙorama, igiyar ɗayan na naɗe a hannunsa.

Wannan shi ne abin da kowa ya yarda da shi. Daga nan bakin kowa ya rabu.

Ranar zaman makoki na shiga gidan Kawu. Wadda munka yi wasan ƙasa tare da ita ta janye tabarmarta. Yaya Umaru ya tsaya a zaure ya ce mini, gaban mutane, “Saratu, ki zaɓa. Ko ki dawo gidanku, ko ki zauna da wanda yak kashe kawunki don shinkahwa.” Na koma Gari, can kuma ana yi wa Baban Nana addu'a a kan hanya, tsofaffi suna cewa ba don shi ba da an yi jana'iza goma. Mutum ɗaya, a nan gwarzo, can mai kisan kai, ni kuma ina dafa masa tuwo.

Kin sha ce mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ki gafarce ni, Inna. Tun daga ranar ban bar kowa ba sai da na auna shi.

Na fara da mai gari. Da hakimi ya tara mutanen ƙauyukan biyu, mai gari ya rantse bai ce a fasa ba. Ya ce abin da ya faɗa a waya shi ne, “Ku yi abin da kunka ga ya dace.” Baban Nana ya yarda haka ya ce. To, Inna, mutumin da ya shekara da shekaru yana rabon ruwa da sulhunta iyakar gona, wanda ko tunkiya ta shiga dawar wani sai ya faɗi hukunci ƙarara, mi ya sa ranar nan harshensa ya yi santsi? Yana da gona a yamma, ta fi ta kowa girma. Da ya ce a fasa yamma, ya yi asara. Da ya ce a fasa gabas, ya ɗauki rai a wuyansa. Sai ya miƙa wa mai zazzaɓi diga, ya koma sahun masallaci da hannu fari tas. Har yau in ya wuce ƙofar gidanmu yana gaishe ni da fara'a, ni kuma ina duban rawaninsa ina tunanin abin da ke ƙarƙashi.

Sai Ɗan'ige. Tsakanin Gari da Tunga ba tafiya ba ce ga babur. Ya isa bayan ruwa ya riga shi. Ya ce hanya ta yanke, sai da ya zagaya. Amma matar ƙanensa ta faɗa a wajen niƙa cewa ya fara tsayawa gidansu, ya kwashe tsohuwarsa da awakinsa zuwa makarantar firamare, sannan ya kama hanya. Da anka tambaye shi gaban hakimi, ya ce, “Uwata ta, ranka shi daɗe. Wa ka barin uwatai cikin ruwa shi tai ceton na wani?” Ni dai a kan uwar ban da ta cewa. Awakin ne sunka tsaya mini a wuya. Sawu nawa ya yi da su? Ba wanda ya tambaya, shi ma bai faɗa ba.

Yaya Umaru kuwa, Inna, kin san shi da zafi, amma zafin bana ya wuce nasa na kullum. Shanun da Kawu ya koma kwancewa ba na Kawu ba ne. Na Yaya Umaru ne. Shi ya ɗaure su a can da safe, a kwari, bayan ya ji rediyo kamar kowa, don ciyawar wurin ta fi kyau. Ya ce wa tsoho mai ciwon ƙafa ya duba masa su har ya dawo masallaci. Kin san Kawu da amana, ko allura kinka ba shi ajiya sai ya rasa barci. Ban taɓa jin Yaya Umaru ya ambaci wannan ba. Duk wanda ya nufi maganar shanu sai ya ɗaga murya ya koma kan diga. Na fara zargin cewa yana neman wanda zai ɗora wa kaya ne don kada ya ji nauyin nasa. Laifi tudu ne, kin ce, ka take naka ka hango na wani. Amma kuma ɗan'uwana ne, na ga yadda ya rame, na ga ya sayar da san da ya tsira bai ko tsaya ciniki ba.

Na bar maigidana a ƙarshe don shi ne na fi jin tsoron aunawa.

Hujjarsa ɗaya ce, bai taɓa canza ta ba. Ya ce yamma ta fi tudu, ko an fasa ta ruwa ba zai janye da sauri ba, Gari zai nutse ana kallo. Gabas ce hanyar ruwa ta asali. Masunta da dama sun ce haka ne. Waɗansu sun ce ba haka ba ne, sun ce yamma ma za ta ja, sai dai a hankali. Na lura da abu ɗaya: duk wanda ya ce gabas ce daidai yana da gona a yamma, duk wanda ya ce yamma za ta yi yana da dangi a Tunga. Ban sami mutum ɗaya da ƙafarsa ba ta cikin ruwan ba.

Hakimi ya yanke cewa ƙaddara ce, ba diyya, a yafi juna, mutanen Gari su taimaka a sake gina Tunga. Anka shafa fatiha. Na so in tsaya a nan, Inna. Wallahi na so.

Sai wata rana maƙwabciyata, muna tsince shinkafa, ta ce Allah ya taimaka da anka jera buhunan yashi a jingar yamma tun ranar Alhamis, ba don haka ba da ita ma ta ɓalle da kanta. Ta faɗa ne tana yabo. Na tambaye ta su wa sunka jera. Ta ce mai gari ya tara mutane, Baban Nana ne ma ya tsaya a kan aikin. Na ce gabas fa? Ta ce ba ta ji an taɓa gabas ba.

Na tuna ranar Alhamis ɗin. Ya dawo da laka har gwiwa, jikinsa da zafi, ya ce ya je duba gona. Ban tambaye shi komi ba.

Kin ga inda maganar ta juya. In ranar Juma'a ce kawai, ga ruwa a wuya, ga ɗiyarsa a kan randa, ba mai hankalin da zai ce ya zauna ya yi lissafi. Amma in tun Alhamis anka ƙarfafa gefe ɗaya anka bar ɗaya, to an riga an zaɓa wa ruwa hanya, kuma akwai yini guda cur da za a aika Tunga a ce su tashi. Ba a aika ba.

Na daɗe ina riƙe da wannan. Ina zuba masa ruwan wanka, ina duban hannuwansa. In ya yi wa yara wasa, in ce a raina wanga mutum ba ya iya cutar da ƙuda. In ya fita ya tsaya da mai gari a bakin masallaci suna magana ƙasa-ƙasa, sai zaton ya dawo mini sabo. Da anka yanke shinkafar yamma, ta yi kyau fiye da ta kowace shekara, don ruwa ya tsaya mata daidai wa daida. Anka jibge buhuna a zaure. Na dafa, na ba yara, na kasa kai loma bakina.

Shi ya lura. Wata safiya bayan yara sun tafi makaranta ya ce, “Saratu, mi na yi maki da ba ki cin abincin gidana?” Na ce ina da tambaya, in ya yarda zai faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Na ce, ranar Alhamis da kunka jera buhuna a yamma, kun san in ruwa ya matsa gabas za a fasa?

Ya ce ba wanda ya yi maganar fasawa. Kowa gonarsa yake karewa, kamar kowace shekara. Na ce ban tambaye shi abin da anka faɗa ba, na tambaye shi abin da ya sani. Sannan ya ce, “Da munka gama, mai gari ya tsaya bisa jinga ya dubi gabas. Ni ma na duba. Munka haɗa ido. Ba wanda yac ce komi.” Na ce mi ya hana ka kira Yaya Umaru a ranar? Ya ce, “In na kira shi, mi zan ce? In ce muna shirin sako maku ruwa? Da sun zaka da sanduna sun tsare gabas, mu mu tsare yamma, a yi jini tun ruwa bai zo ba. Nac ce wataƙila ruwan shi tsaya. Na yi ta roƙon Allah shi tsaya.”

Inna, ga hukuncina, in ɗiya tana da hukunci. Digar Juma'a ban riƙe shi da ita ba. Ni da jikokinki muna cikin waɗanda ta tsirar, ba ni da bakin zaginta. Shirun Alhamis ne laifinsa, shi da mai gari, kuma na mai gari ya fi, don shi ke da bakin da za a ji a ƙauyukan biyu. Na faɗa masa haka. Na ce ba ni komawa Tunga, amma ba ni iya ci gaba da zama a kan maganar da anka binne. Na ce sai ya je ya faɗa wa Iya Hajo abin da ya faɗa mini.

Ya ɗauki lokaci. Ya ce mai gari ba zai yafe masa ba, kuma haka ta faru, yanzu ko sallamarsa ba ya amsawa da kyau. Amma da Iya Hajo ta fita takaba, lokacin dashen albasa, ya ce in shirya. Munka tafi Tunga a ƙasa, yana ɗauke da shinkafa a ka, bai yarda mu hau babur ba. Iya Hajo ta zauna a ƙofar sabon ɗakin da anka yi mata, Yaya Umaru na tsaye gefe ya harɗe hannu. Baban Nana ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faɗi komi, har haɗa idon. Yaya Umaru ya ce, “Kun ji ko? Ban hwaɗa maku ba?”

Iya Hajo ba ta dube shi ba. Ta ce wa Baban Nana, “Tashi zaune, ɗana. Wagga magana ba sabuwa ta ba gare ni. Ran Alhamis kawunku na cikin jirginai yana duba komar kamun kihi, yag gane ku kuna jera buhuna. Yad dawo yac ce mani, Hajo, sun toshe yamma, in ruwa ya matsa wajenmu za ya biyo. Nac ce to mu kwashe mu hau tudu, mu hwaɗa ma mutane. Yac ce a'a, kada a tada hankalin gari, mijin Saratu na cikinsu, in anka ji za a ɓata mata aure. Bari mu ga Juma'a.”

Yaya Umaru ya sauke hannuwansa, ya juya ya fita. Baban Nana ya kifa kai a ƙasa yana kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Iya Hajo ta ce ta yafe, ta karɓi shinkafar da ya kawo, ta ce marayun da Kawu ya bari ba su san yamma da gabas ba, yunwa sunka sani.

Ya kamata in ce miki hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba, Inna. A hanyar dawowa wani zaton ya kama ni. Ba wanda ya ji Kawu ya faɗi haka sai ita. Ran zaman hakimi ba ta aiko da wannan magana ba. Iya Hajo ta goya ni, ta san Yaya Umaru ya rantse sai ya raba ni da gidana. Shin Kawu ya faɗa da gaske, ya yi shiru don ni, ya mutu a kan shirun? Ko ita ce ta dubi ɗiyar da ta goya, ta ɗauki wani yanki na laifin ta aza wa mamaci, don shi ba a iya korarsa daga gari, ba a iya kashe masa aure?

Na koma ni kaɗai bayan kwanaki, na tambaye ta. Tana gyaran kifi, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ke dai ci abincin mijinki.”

In gaskiya ta faɗa, kawuna ya sayi aurena da ransa. In ba gaskiya ba ce, matarsa ta saye shi da sunansa. Ko wanne ne, ban san yadda ake biyan irin wannan ba. Ke kin zauna da Hajo tun tana amarya, kin san inda idonta ke zuwa in tana rufa wani abu. Da kina nan da kallo ɗaya ya ishe ki. Ni ban gaji wannan ido ba, Inna, zato kawai na iya.

Na fara cin shinkafar. Yaya Umaru bai zo gidana ba tukuna, amma ya aiko wa Nana da rake ranar kasuwa. Jinga an toshe ta. Mutanen Tunga sun ce daga yanzu tare da su za a duba ta, gabas da yamma, kafin ruwa ya sauka, kuma Baban Nana ne ya fara zuwa ya ce haka ya kamata.

In Allah ya haɗa ki da ƙanenki, ki gaishe shi, ki ce Saratu ta gode, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Allah ya jiƙanki, Inna, ya jiƙan Kawu Sale, ya karɓe shi cikin shahidai. Allah ya yafe wa wanda ya yi shiru, da wanda ya makara, da wanda ya ɗaure shanu a kwari, ya yafe mini zaton da na yi wa bayinsa. Shi ne ya ga Alhamis, ya ga Juma'a, ya ga abin da ke cikin ƙirjin kowa. Na bar masa sauran.

Taki har ranar da za mu gamu,
Saratu.